Hanya Kafin Garke: Gandun Kamuku da Makomar Yawon Kallon Namun Daji a Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abin da ke kai mutanenmu Kenya da Tanzaniya kallon ƙaurar namun daji, alhali akwai gandun daji na ƙasa a yamma da garin Kaduna. Ta bi diddigin yadda ƙaurar garkunan Serengeti take gudana da abin da ya sa ta ɗore, sannan ta auna shi da tarihin dazuzzukan Arewacin Nijeriya, musamman Gandun Kamuku na ƙasar Birnin Gwari. Ra'ayin da takardar ta tsayu a kai shi ne, garke mai ƙaura da buɗaɗɗiyar hanya yake rayuwa, kuma hanyar muka fara rasawa kafin dabbobin. Cunkoson da ya datse hanyar giwa da gwanki shi ya cinye burtalin makiyayi, daga baya kuma rikicin da ya biyo baya ya hana baƙo bin titin Birnin Gwari. Saboda haka gina masauki da ƙofar karɓar kuɗi kaɗai ba za su farfaɗo da Kamuku ba.

Gabatarwa



Garin Kaduna sunan dabba yake amsawa. Bayanin da ya fi shahara shi ne, Kaduna daga kadduna ta samo asali, jam'in kada, saboda yawansu a wannan kogi da ya raba garin biyu, tun kafin Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Yau kuwa yaron Unguwar Rimi ko Malali da ya matsa wa babansa sai ya ga kada, filin shaƙatawa na Gamji za a kai shi, ya leƙa wanda aka killace. Babban yayansa kuma, in Allah Ya hore masa, jirgi zai hau zuwa Nairobi, ya biya dala 200 kuɗin shiga na yini guda a Masai Mara lokacin da garkuna ke ƙetare kogi, ya dawo da waya cike da hotuna.

Ba na ganin laifinsa. Gani ya kori ji, kuma abin da ya je kallo ya isa a yi tattaki dominsa. Abin da ke damuna shi ne, daga shataletalen Mando zuwa Birnin Gwari kilomita 120 ne ko kusa da haka, kuma a can akwai gandun daji na ƙasa, ɗaya daga cikin bakwai da Nijeriya ta daɗe da su, wanda akasarin mutanen wannan gari ba su taɓa takawa ba. Da yawa ma a labarin 'yan bindiga suka fara jin sunansa. Na tashi a zamanin da makarantu ke kwasar ɗalibai zuwa Yankari, a yi wuni guda a mota ta Jos da Bauchi, a kwana, da asuba a shiga daji. Har yau ina iya tuna yadda motarmu ta yi tsit da muka ga giwaye sun fito daga duhuwar bakin kogin Gaji. Ina son jikokinmu su ga irin wannan a jiharsu, kuma da wannan buri na rubuta takardar.

Me ake zuwa kallo a Serengeti?

Kalmar safari, da ake kiran irin wannan yawon kallo da ita, ta Suwahili ce, ma'anarta tafiya, kuma daga Larabci ta fito, tushen da mu ma muka samo safara. Dabbar da ke jan ragamar ƙaurar ba ta da suna a Hausa, domin ba ta taɓa zama a ƙasarmu ba. Masu Suwahili suna ce mata nyumbu. Dangin kanki ce, mai gemu da geza da ƙaho mai lanƙwasa irin na ɓauna. Ƙidayar da ake yi daga jirgin sama ta daɗe tana ba da kimanin miliyan 1.3, ga jakunan dawa wajen 200,000 da bareyi dubbai masu tafiya tare da su.

Zagayen nasu na shekara ne. Daga Disamba zuwa Afrilu suna filayen kudu maso gabas, wajen Ndutu, inda ruwan sama bai fi milimita 500 ba a shekara, amma ƙasar toka ce ta duwatsu masu aman wuta, ciyawarta gajera ce mai wadatar sinadaran da ke gina ƙashi da kawo nono. A nan suke haihuwa, kusan 'yan maruƙa rabin miliyan cikin makonni biyu zuwa uku na watan Fabrairu. Haihuwar lokaci guda dabara ce ta tsira, domin kura da zaki ba za su iya cinye su duka ba kafin ƙafafunsu su yi ƙwari. Da ruwa ya ɗauke, tafkuna suka ƙafe, sai garken ya nausa yamma da arewa, ya ƙetare kogin Grumeti wajen Yuni, ya isa kogin Mara daga Yuli zuwa Oktoba. Can arewa ruwan sama ya ninka na kudu, kogin kuma ba ya ƙafewa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa sama da 6,000 suke halaka a ruwan Mara duk shekara wajen ƙetarewa, gawarwakinsu kuma su zama abincin kifi da kada da ungulu. Da hadari ya haɗu a kudu, sai su juya.

Duk Bafulatanin da aka karanta wa wannan bayani zai gane shi tun kafin a ƙarasa. Da damina a hau tudu inda ciyawa ke da ƙarfi kuma ƙuda ba su da yawa, da rani a gangara inda ruwa yake. Lissafin ɗaya ne.

Akwai wani abu a tarihin wannan garke da ya shafe mu kai tsaye. Cutar bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, cikin shanun da Italiyawa suka shigo da su. Kafin shekara huɗu ta iso yankin Tafkin Cadi da ƙasar Hausa, ta kashe mafi yawan shanun makiyaya, ta haɗa da ɓauna da sauran dabbobi masu rababben kofato. A Serengeti cutar ta zauna shekara da shekaru tana danne nyumbu, har adadinsu ya tsaya wajen 250,000 a farkon shekarun 1960. Ba a yi wa nyumbu ko ɗaya allura ba. Shanun ƙauyukan da ke kewaye aka yi wa rigakafi, cutar ta ɓace daga daji, zuwa 1977 garken ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Wato lafiyar saniyar makiyayi ce ta raya abin da duniya ke tururuwar kallo a yau. A 2011 aka shelanta kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya.

Amma garken da ya ninka sau biyar sai da ya sami wurin zuwa. Gandun Serengeti, wanda aka kafa a 1951, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 15,000, Masai Mara kuma 1,510, duk da haka hanyar ƙaurar ta zarce iyakokinsu ta shiga Ngorongoro da wasu keɓaɓɓun dazuzzuka da filayen kiwo na Masai. Bajamushen nan Bernhard Grzimek da ɗansa Michael, da suka yi ƙidaya daga ƙaramin jirgi a 1958, abin da suka so tabbatarwa ke nan, ko iyakar da gwamnati ta shata ta dace da inda dabbobin ke bi. Michael a wannan aiki ya rasu, a haɗarin jirgi cikin Janairun 1959. Da gwamnatin Tanzaniya ta yi niyyar ratsa arewacin gandun da babban titi a 2010, sai da maganar ta kai Kotun Gabashin Afirka da ke Arusha, wadda ta hana aikin a 2014.

Inda aka toshe hanya kuwa, an ga sakamako. A Botswana, shingayen waya da aka kafa don hana yaɗuwar cutar dabbobi sun tare nyumbu daga isa ruwa a farin 1983, dubun dubata suka mutu da ƙishi. A Kenya kanta, ƙaurar filayen Loita, gabas da Mara, ta kusa ƙarewa saboda rabon filaye da shinge da gonakin alkama. Amma a Botswana ɗin dai, da aka cire wani shinge a 2004 bayan ya shafe sama da shekara talatin, jakunan dawa sun koma bin tsohuwar hanyar kakanninsu daga Okavango zuwa Makgadikgadi, tafiyar sama da kilomita 200, alhali babu ɗaya cikinsu da ya taɓa binta. Wannan misali shi ya fi ƙarfafa mini gwiwa a duk abin da na karanta kan wannan fanni.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi ba. An fitar da Masai daga Serengeti a 1959, kuma a 2022 an sake tayar da wasu a Loliondo da ƙarfin bindiga. Tanzaniya ta sami sama da dala biliyan 3 daga baƙi a 2023, amma makiyayin da aka raba da mashayarsa bai ga alherin wannan kuɗi ba. Wannan ba abin koyi ba ne.

Garkunanmu na da, da abin da ya rage

Kada mu ruɗi kanmu. Dajin ƙasar Hausa bai taɓa ɗaukar garke irin na Serengeti ba. Ƙasarmu tsohuwa ce wadda ruwa ya wanke, gamba da kyasuwa suna tsawo amma da zarar sun bushe ba su da wani amfani ga ciki, ranin namu kuma dogo ne. Duk wanda ya yi wa gwamnati alkawarin Masai Mara a Birnin Gwari bai faɗa mata gaskiya ba.

Sai dai mun yi dabbobi, kuma sun yi ƙaura. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ƙirga giwaye 96 a garke ɗaya kusa da Tafkin Cadi a 1851. Harshen Hausa kansa shaida ne. Al'ummar da ba ta zauna da dabba ba ba za ta rarrabe gwanki da kanki da dari da gwambaza da mariya da mazo da kwanta-rafi da gada da barewa ba, kowace da sunanta. Ba za ta naɗa Sarkin Dawa da Sarkin Baka ba, ba kuma za ta sa wa wurare suna Kafin Zaki ko Dutsen Kura ba. Nakan jero wa ɗalibaina waɗannan sunaye in ce su siffanta mini dabbobin. Gada da barewa suke iyawa, su ma daga tatsuniya. Idan dabba ta ɓace daga daji, sunanta yakan yi ƙarni ɗaya ko biyu a baki, sannan ya bi ta.

Mai gadin waɗannan dazuzzuka na asali ƙaramin ƙwaro ne, wato ƙudan tsando. Sammore da yake sa wa shanu da ciwon barci da yake sa wa mutane su suka hana makiyayi da manomi zama a kurmin doka da bakin rafuka, namun daji kuma cutar ba ta cika yi musu illa ba. A nan Unguwar Rimi cibiyar binciken wannan cuta take, tun zamanin Turawa. Yaƙin da aka yi da tsando alheri ne babba ga mutane, ba mai musun haka. Amma da ƙudan ya ja baya, ƙofar daji ta buɗe, kuma ba a tanadi wani tsari da zai maye gurbinsa ba. Ga yawan jama'a: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200. Ga bindigar zamani da ta maye gurbin baka da adaka. Ga gawayi da motoci ke lodi zuwa birane, ga masu yankan madobiya da suka bi dazuzzukanmu suka tsince ta don kasuwar Sin. Kowace sabuwar gona a bakin rafi wani yanki ne na hanyar dabba ya tafi. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta hana harbin wasu dabbobi, amma ba ta kare turbar da suke bi ba.

Abin da ya rage a Afirka ta Yamma kaɗan ne, amma yana da darasi. Giwayen Gurma a Mali har yanzu suna zagayen shekara tsakanin tafkunan arewa da iyakar Burkina Faso, cikin ƙasar da suke rabawa da Fulani da Buzaye. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a gandu suke ba, cikin gonakin gero da wake suke yawo, da damina su hau tudu, da rani su gangara Dallol Boso su ci ganyen gawo. Da aka sa mutanen ƙauyukan cikin lamarin, ana ba su rance da rijiyoyi da aikin rakiyar baƙi, adadin ya haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi. Harin da aka kai a Kure ranar 9 ga Agustan 2020, wanda ya kashe mutum takwas, ya tsayar da zuwan baƙi cak. A Disambar 2019 an ɗauki hoton garken giwaye kimanin 250 daga jirgi mai saukar ungulu kusa da Rann a Borno, suna bin tsohuwar hanyarsu daga Kamaru ta cikin filin yaƙi. A Dagona kuma, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, tsuntsayen Turai na sauka duk hunturu, domin hanyar sama ba ta shinguwa.

Yankari ita ce abin alfaharinmu, murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta a 1956, an buɗe wa baƙi a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Giwayenta 100 zuwa 150 ne, kuma tun da aka ƙarfafa sintiri a 2014 kisan su ya ragu ƙwarai. Amma Yankari tsibiri ce a tsakiyar gonaki. Da kaka giwa takan yi abin da jininta ya saba, ta fita neman abinci, sai ta faɗa gonar dawa ko masara, ta share wa talaka wahalar shekara a dare ɗaya. Manomin nan ba maƙiyin giwa ba ne. A kan tsohuwar hanyarta aka ba shi gona.

Kamuku

An keɓe dajin a 1936 a matsayin gandun Hukumar En'e ta Birnin Gwari, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a watan Mayun 1999. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura da baushe, da duwatsu irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema, da magangarar ruwa ta Dogon Ruwa. An san shi da giwa da gwanki da kanki da mugun dawa da gwaggon biri, da tsuntsaye iri-iri. Gwarawa da Kamukawa ne tsofaffin mazauna kewayensa, manoma da maharba da masu zuma.

Abin da ya fi muhimmanci game da Kamuku yana wajen iyakarsa. Kogin Mariga ne kawai ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma giwayen yankin tsakanin dazuzzukan biyu suke kai da kawowa. Kudu da shi akwai dajin Alawa a Jihar Neja, arewa akwai Kogo a Jihar Katsina. A takarda, waɗannan wurare huɗu ne ƙarƙashin jihohi huɗu da hukumomi daban-daban. A wurin giwa daji ɗaya ne. Murabba'in kilomita 1,121 ba zai riƙe garken giwa shekara zagaye ba, amma haɗakar dazuzzukan nan za ta iya. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, cikinsu har da Alawa da Kogo da Falgore. Mataki ne mai kyau, amma zai ƙara mana tsibirai ne kawai idan ba a tsare abin da ke tsakaninsu ba.

Abin baƙin ciki shi ne, waɗanda suka fara fahimtar cewa dajin ɗaya ne su ne ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Sun bi shi daga Zamfara zuwa Neja ba tare da sun damu da iyakar jiha ba. A 2015 gwamnonin yankin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji dajin Kamuku, aka ƙwato shanu masu yawa, amma wutar ba ta mutu ba. Titin Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ya zama hanyar da direba ke yin sallama da iyalinsa kafin ya hau. A Maris na 2021 aka kwashi ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, yaran da ake horarwa don su kula da irin waɗannan dazuzzuka. A irin wannan hali ma'aikacin gandu ba ya iya sintiri, mai bincike ba ya iya ƙidaya, baƙo kuwa ba a ma maganarsa.

Garken da bai daina ƙaura ba

Akwai babban garke ɗaya da har yau yake ƙaura a Arewacin Nijeriya, shi ne na shanu. Duk wanda ke zaune a Kawo ko Rafin Guza ya sha ganin farare da jajayen shanu suna gangarawa kudu bayan girbi, su juyo arewa da saukar damina, jakuna ɗauke da kaya, mata da ƙore, yara rungume da 'yan raguna. Burtali shi ne hanyarsu, kuma a da kowa ya san faɗinsa, dagaci da ardo su ke tsaronsa, manomi kuma yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa don taki. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin tabbatar da wannan. An ware wuraren kiwo sama da 400 a ƙasar nan, irin su Ladduga a ƙasar Kachia, amma waɗanda aka tabbatar a doka ba su kai rabi ba, yawancin sauran kuma an nome su. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙaurar dabbobi a 1998, sai dai takarda ba ta buɗe burtalin da aka gina gida a kansa.

Da burtali ya toshe, mashaya ta zama lambu, ina makiyayi zai nufa? Gandun daji, domin nan ne kaɗai ciyawa ta rage. Shanu suka shiga Kamuku da Kuyambana da Falgore, suka yi gogayya da gwanki a kan ciyawa da ruwa, aka sassare maje da madaci don ba su ganye, aka sa wa zaki da kura guba. Ma'aikacin gandu ya kama shanu ya ci tara, gaba ta shiga. Ba ina cewa toshewar burtali ce kaɗai ta haifi ta'addancin daji ba. Akwai rashin adalci a kotuna, da kwararar makamai, da haƙar zinari, da talauci, kuma makiyaya suna cikin waɗanda suka fi kowa asarar dukiya da rayuka a wannan fitina. Abin da nake cewa shi ne, masana namun daji da masana kiwo sun shafe shekaru suna taro a ɗakuna daban-daban kan matsala ɗaya, wato ƙasar da dabba mai tafiya za ta bi.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki makiyayi a matsayin abokin gabar gandu. A kewayen Masai Mara akwai tsarin da masu filaye ke haɗa filayensu su ba da haya ga masu kawo baƙi, a riƙa biyan kowa duk wata, shanu kuma su yi kiwo bisa jadawalin da aka amince. Bai rasa matsaloli ba, amma ya hana shinge cinye dubban kadada. Kure ta nuna cewa irin wannan na yiwuwa a ƙasar gero, tsakanin mutane masu rayuwa irin tamu.

Inda ya kamata a fara

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanun garin bayan shekaru tana rufe, motoci suka koma bin titin. Ina addu'ar Allah Ya ɗorar da wannan zaman lafiya. Amma ina da fargaba guda. Lokacin da tsoro ya kau, jama'a za su koma gonakinsu, kuma haƙƙinsu ne, masu gawayi da katako da ma'adinai ma za su biyo baya. Idan ba a shata hanyoyin dabbobi da na shanu a wannan ɗan tsakani ba, cikin 'yan shekaru za a nome su, kuma tayar da mutum daga gonar da ya riga ya shuka fitina ce sabuwa.

Jarabar da gwamnatoci kan faɗa ita ce ta shigo da dabbobi daga waje. An yi haka a Sumu ta Jihar Bauchi a 2006, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa da sauransu daga Namibiya. Wuri ne mai kyau don kai yara, amma dabbar da aka killace ba ta ƙaura, kuma ba ita ce dabbar dajinmu ba. Na fi son a dubi Zakuma ta ƙasar Cadi, inda mafarauta suka rage giwaye daga sama da 4,000 zuwa wajen 450 cikin shekara takwas. Daga 2010 aka gyara sintiri, aka sa wa wasu giwaye na'urar bin sawu, aka haɗa ƙauyuka da makiyaya da rediyon oba-oba, har garken ya koma haihuwa. Dabbobin Zakuma sukan fita gandu da damina, don haka da maƙwabta aka tsare su.

Baƙon farko na Kamuku kuma ba daga Turai zai zo ba. Ɗalibin sakandare ne daga Kawo, da iyalin da ke neman wurin zuwa da hutun Sallah, da malamin jami'a daga Zariya mai nazarin tsuntsaye. Waɗannan ba sa buƙatar otal mai tsada. Titi mai aminci suke so, da ɗaki mai tsabta, da ɗan rakiya daga ƙauyen da ke kusa wanda ya san sawun gwanki daga na kanki, kuma kuɗin da suka biya a ga amfaninsa a asibiti da makarantar ƙauyen.

Shawarata ga jami'o'inmu na Kaduna da Zariya, da hukumar gandayen ƙasa, da Masarautar Birnin Gwari, ita ce a fara da aikin da bai fi ƙarfin aljihunmu ba, kuma ba ya jira. A zauna da tsofaffin maharba na Birnin Gwari da Ɗansadau da Alawa, da ardo-ardo na rugagen yankin, da masu cire zuma, a shimfiɗa taswira a gabansu. Su nuna inda giwa ke ƙetare Mariga, da gishirin ƙasar da gwanki ke lasa, da tafkin da ba ya ƙafewa a watan Afrilu, da inda burtali ya bi kafin a nome shi. A naɗi muryoyinsu da Hausa da Fulatanci da Gbagyi da Kamukanci, da sunan kowane rafi da kowace dabba yadda suke faɗarsa. Daga nan a kafa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a wuraren da suka nuna, a yi rani ɗaya da damina ɗaya ana dubawa, a ga abin da ya rage yana bi. Yawancin mutanen da suka ga giwa tana ƙetare Mariga da idonsu sun manyanta, shi ya sa nake roƙon a fara wannan zama da su a ranin bana.